Makarar da Majalisa Ta Kulle

Duk gidan da aka taɓa rasa namiji a wannan unguwa da ke maƙale tsakanin Koki da Jakara, an san Malam Jibrin Tela. Ba ɗinki ne ya sa aka san shi ba, don gaskiya ɗinkin nasa ba wani abin a zo a gani ba ne: wando, 'yar shara, facin aljihu, a kan wani tsohon keke da ya gada wurin ubansa. Wankan gawa ne ya fito da shi. Shekara talatin da ɗoriya, in aka yi mutuwa, kafin mata su gama salati an aika masa. Sai ya lulluɓe keken da zani, ya ɗauki jakarsa mai almakashi da auduga da kafur da garin magarya, ya kama hanya. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani a jikin mamaci ba, har matarsa Hasana, wadda ta gaji da tambaya tun tana amarya.

Kawunsa ne ya koya masa aikin yana ɗan shekara ashirin da biyu. Gajere ne, mai saurin hawa, wanda in ka kawo masa ɗinki ka ce ya yi maka sauri sai ya miƙo maka yadinka ya nuna maka ƙofa. Amma in ya durƙusa kan gawa, sai ka rantse ba shi ba ne. A hankali yake juya mamaci, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin mara lafiya.

Yana da 'yar rediyo rataye a ƙusa cikin shago. In ya ji an ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna kan wani yaƙi, sai ya tsaya da taka keke ya ce wa duk wanda ke kusa, "To, Allah ya sa a cikinsu akwai wanda ya taɓa ɗaukar gawa." Ba wai yana raina zama ba ne, shi ma ɗan majalisa ne. Tun yana da baƙin gemu yake zama a zauren Mai unguwa Gwadabe, tare da Liman Abdulmalik da wasu dattawa. A wancan zaman, magana ake yi a kan tabarma har sai kowa ya daina ja. In kuma batu ya taɓa addini Liman ya ce a'a, to nan maganar ta mutu.

A da tsofaffi yake wankewa, da waɗanda ciwo ya cinye. Daga baya sai aka fara kawo masa samari a sassare. Faɗan daba ne tsakanin yaran unguwar da 'yan ƙetare, wato na unguwar da babbar kwata ta raba su da ita. Ba mai iya faɗa maka mafarin abin. Wasu sun ce kan karen farauta ne, wasu sun ce wurin taron siyasa aka fara. Yaran da ke saran juna yanzu ba su ma yi wayo ba lokacin.

Wata Laraba da hantsi abin ya zo har ƙofar shagonsa. Yana cikin ɗinka wando ya ji ihu, sai ga wani yaro ya faɗo lungun a guje, riga duk jini, mutum biyar na bin sa. Santsin bakin kwata ya kwashe shi. Na farko ya maka masa gora a ƙeya, na biyu ya sauke masa adda a kafaɗa har sai da ya taka shi da ƙafa kafin ya zare ta. Yaron na kiran uwarsa suna ci gaba da sara. Jibrin ya fito da almakashi a hannu yana zagi, ba wanda ya ko dube shi. Da suka gama suka goge makamansu a jikin bango suka tafi a tsanake, kamar waɗanda suka tashi daga aiki. Jibrin ne ya wanke yaron bayan azahar. Audugar jakarsa duka ta ƙare bai gama toshe raunukan ba.

Abu ɗaya ne 'yan daban ba su taɓa ketawa ba, shi ne jana'iza. In aka ɗauko makara, dattawan unguwannin biyu ne a gaba, don duk da faɗan yaran, iyayen sun haɗa aure da kasuwa da sahun salla. Ko ƙwayar duniya yaro ya sha, ba zai ɗaga adda a gaban baffansa ko malamin da ya biya masa Fatiha ba. Ba wanda ya zauna ya tsara hakan, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura da aikin da yake yi.

A shekarar ne wata ƙungiya ta ƙasashen waje ta haɗa kai da ƙaramar hukuma aka kafa kwamitin zaman lafiya. Aka haɗe dattawan zaure da kwamitin masallaci da Kansila Hashim wuri guda, mutum goma sha uku. Aka kai su otal kwana biyu ana koya musu yadda ake zama, su da suka tsufa a zaune. Suka dawo da riguna masu rubutu a baya, da kujerun roba, da littafin rubuta abin da aka yanke, da sabuwar ƙa'ida: in an kasa daidaitawa, a ɗaga hannu, masu rinjaye su ne da magana. Kowa ya yi alkawari zai bi.

Kwana biyu da kisan Laraba suka zauna bayan la'asar. Kansila Hashim, matashi mai farar shadda da waya biyu, shi ya kawo shawara.

"Iyayena, mun gwada wa'azi, mun gwada 'yan sanda. Yaran nan ba sa tsoron mutuwa, saboda sun san in sun mutu za a yi musu gata, manya su taru a raka su kamar jarumai. To mu cire gatan. Duk wanda aka kashe a faɗan daba, ba wanka, ba salla, ba rakiya daga kowane dattijo, kuma ba za a ba da makarar masallaci ba. Dattawan ƙetare ma na yi magana da su, sun yarda."

Liman Abdulmalik ya gyara zama. "Honarabul, a yi hattara. Malami yana iya janye jikinsa daga sallar mai ɓarna don a tsorata na baya, wannan akwai. Amma a hana kowa da kowa? Haƙƙin mamaci ne a kanmu. In ba wanda ya yi, dukkanmu mun ɗau laifi."

A tsohon zama da nan ta tsaya. Amma yanzu akwai littafi da biro, kuma sai Jibrin ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, kai daga nesa kake tsayawa ka yi kabbara huɗu a kan farin ƙyalle. Ni nake buɗe ƙyallen. Bana kaɗai yaro tara na wanke. Ba zan faɗi abin da na gani ba, amma wallahi na gaji. In wannan zai sa su ji tsoro, a yi."

Maganarsa ce ta karya zauren, don kowa ya san bai taɓa ƙorafi ba. Aka ɗaga hannu, sha ɗaya suka yarda, Liman da wani tsoho ɗaya suka ƙi. Aka rubuta, aka karanta a masallatai ranar Juma'a ta gaba, aka sa wa ɗakin ajiyar makara kwaɗo, Kansila ya jefa mukullin a aljihu.

Mako biyar ba a ji ko ƙarar gora ba. Kansila ya aika wa ƙungiyar da rahoto har da hotuna. Jibrin ma ya fara tafiya da ƙafar wanda ya yi abin kirki.

Sai ranar wata Asabar da safe aka tare Nazeer a kan gadar kwata. Nazeer ɗan marigayi Ilu ne, aminin Jibrin tun ƙuruciya. Jibrin ne ya ɗinka masa rigar makaranta ta farko, shi ne kuma ya wanke ubansa. Kar kuma a yi ƙarya, yaron ba salihi ba ne. Shekararsa ashirin da uku, kuma akwai wani a ƙetare da ke yawo da kunne ɗaya saboda shi. Mutum shida suka rufar masa. Ya kare da hannu suka datse masa yatsu, ya juya zai gudu suka tsinke masa agara da barandami, ya faɗi a kan gwiwa suka gama da shi a tsakiyar gada, mutane na leƙe ta taga. Abokansa suka kwaso shi a baro suka kai wa uwarsa.

Ba a aiko kowa ba, uwar Nazeer 'Yardada da kanta ta zo shagon, ba takalmi, mayafi a karkace. Mace ce mai sayar da alkaki, ba ta da kowa sai wannan ɗan. Ba ta kuka, wannan ne ya fi tayar wa Jibrin da hankali.

"Malam Jibrin, an kawo mini Nazeer."

"Na ji. Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ki haƙuri."

"Yana tsakar gida, ƙuda na bin sa. Na san abin da kuka yanke, na ji a lasifika. Ban ce yaron kirki ba ne. Amma yana salla, Malam, ko jiya ya yi. Ka gaya mini yadda ake yi, in babu namijin da zai taɓa shi ni in wanke abina."

Kunya ta kama Jibrin irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ce ta koma gida ta rufe shi da zani, yana zuwa.

Ya sami Mai unguwa Gwadabe a zaure. "Ranka ya daɗe, ɗan Ilu ne. A buɗe mana makara."

Tsohon ya kasa haɗa ido da shi. "Jibrin, ba ni kaɗai na yanke ba, ba kuma ni kaɗai zan warware ba. Sai an zauna. Kansila yana Kaduna wurin taro, mukulli na hannunsa, sai Litinin."

"Gawar ce za ta jira Litinin? A wannan zafin?"

"Kai ka fi kowa ɗaga murya ranar."

Wannan gaskiya ce, kuma ta yi masa zafi. Ya wuce wurin Liman. Shi kuma idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce ya yi alkawari a gaban jama'a zai bi rinjaye, in ya karya yau gobe ba wanda zai ƙara jin maganar majalisa. "Amma kai ka je, Malam Jibrin. Wani ya sauke mana nauyin nan, don Allah."

Ya koma shago ya yanko likkafani daga farin yadin da wani ya kawo ɗinki, ya ɗauki jakarsa. Hasana ta tare shi a ƙofa ta ce za su cire shi daga kwamiti. Ya ce su haɗa da rigar mai rubutu a baya.

Wankan ya ɗauke shi fiye da awa biyu. Ya tattara abin da ya rabu ya mayar wurinsa, ya ɗaure, ya toshe, ya yi masa alwala, ya zuba ruwan magarya sau uku, ya shafa kafur. Yana yi yana cewa, "Sannu Nazeer, sannu ɗan Ilu, saura kaɗan." Da ya naɗe shi ya ɗaure, ba mai cewa ba barci yake ba.

Da babu makara, sai aka ɓalle ƙyauren ɗakin 'Yardada aka ɗora shi. Jibrin ya ja salla a ƙofar gida, sahu ɗaya a bayansa, dukkansu abokan Nazeer, idanu jajur, riguna a kumbure da abin da suka ɓoye. Ya ce su ajiye makaman. Babbansu ya ce, "Baba Tela, yau ba ranar ajiyewa ba ce." Jibrin ya waiga dama da hagu ko zai ga farin gemu ɗaya. Ƙofofi duk a rufe. A lokacin ne ya gane abin da suka yi a zaure. Sun zaci gata suka cire wa mamaci, ashe katangar da ke tsakanin yaran suka rushe da hannunsu. Hanyar maƙabarta kuwa dole sai ta bakin gada.

Ya shiga gaba shi kaɗai, yana hailala da ƙarfi don a ji jana'iza ce.

Suna fitowa daga lungun ƙarshe ya ga 'yan ƙetare, sun fi ashirin, sun tare bakin gada. Suka tsaya suna leƙen bayansa, suna neman fuskar da za su ji kunya. Babu baffa, babu malami, tela ne guda ɗaya da abokan gabarsu ɗauke da ƙyaure.

"Gawa ce!" Jibrin ya ɗaga murya. "Ku ji tsoron Allah, gawa ce! Ku ba mu hanya!"

Dutse ne ya fara zuwa, ya fasa goshin wanda ke riƙe da ƙyauren ta gaba. Ya saki, ƙyauren ya karkace, gawar ta zame ta faɗi rabi a ƙasa rabi a cikin kwata. Daga nan kowa ya zaro abin da ke jikinsa. Ƙarfe na haɗuwa da ƙarfe, ana ihu, ana zagin uwa da uba. Wani ya dafe ciki yana tafiya da baya har ya zauna jikin bango bai ƙara tashi ba. Wani aka sare shi a fuska ya riƙa juyi yana lalube. Ana tattaka likkafanin da Jibrin ya ɗaure da hannunsa.

Jibrin bai gudu ba. Ya rarrafa cikin ƙafafu ya kama gawar ta kafaɗa yana jan ta daga ruwan kwata. Sai ga mai kunne ɗaya a kansa, barandami a sama, ba Jibrin yake kallo ba, gawar yake so. Jibrin ya kwanta a kan Nazeer ya ɗaga hannunsa na dama.

"Kai yaro, ya riga ya mutu! Me kuma kake nema?"

Saran ya sauka a wuyan hannu. Bai ji zafi ba da farko, ya dai ga hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa, jini na feshi a kan farin yadi. Yaron ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Baba Tela?" kamar yanzu ya gan shi. Jiniyar 'yan sanda ce ta watsa su. Aka bar mutum biyu kwance ban da Nazeer.

A asibiti likitoci suka cire hannun daga wuyan hannu, don abin da ya rage fata ce kawai. Da ya farfaɗo, kafin ya tambayi hannunsa sai da ya tambayi Hasana ko an binne yaron. Ta ce 'yan sanda sun kwashe gawarwakin duka uku sun kai ɗakin ajiya, har da Nazeer a cikin likkafaninsa. Ya juya fuska bango ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Ranar Laraba aka saki gawar. A ranar da hantsi majalisa ta zo asibiti, Mai unguwa da Liman da Kansila, suka jeru a gefen gado da ledar lemo. Kansila ya ce sun yi zaman gaggawa, an soke hukuncin, hannu goma sha biyu, ba wanda ya ƙi. An buɗe makara, dattawan ƙetare ma za su zo. Matsala ɗaya ce: gawar ta ɓaci da laka da jini, sai an gyara an sake likkafani, ba wanda ya iya irin wannan aikin a unguwar, kuma 'Yardada ta zauna a bakin ƙofa ta ce ba mai taɓa mata ɗa sai Malam Jibrin.

Likita ya ce ba inda za shi. Jibrin ya ce a kawo takarda ya dangwala da hagu. Aka sa shi a adaidaita, dungulmin a naɗe rataye a wuya, kowane rami aka faɗa sai ya cije leɓe.

'Yardada ta matsa ta ba shi hanya. Ta bi hannun da kallo. Aka ajiye masa kujera 'yar tsugunno a gefen gawar. Mutane suka fara ja da baya za su fita kamar yadda aka saba, a bar shi da aikinsa.

"Ina za ku?" ya ce. "Da me zan wanke shi? Ranka ya daɗe, kai za ka riƙe buta. Allah gafarta Malam, ka tallafi kansa. Honarabul, cire agogon nan, naɗe hannun riga, ka ɗaura tsumman can a hannunka."

Ba wanda ya yi musu. Kansila Hashim ya durƙusa da farar shaddarsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kwance ƙullin farko, ya kwance na biyu, ya buɗe. Kwana huɗu gawar ta yi, kuma duk abin da Jibrin ya ɗaure ranar Asabar ya warware. Kansila ya miƙe da gudu ya yi bakin rariya, ya yi ta amai har da hawaye. Mai unguwa ya kau da kai, ruwan buta na zuba a ƙafarsa.

Jibrin ya jira har ya gama.

"Kurkure bakinka ka dawo, Honarabul. Ba a barin mamaci a buɗe, kuma uwarsa na waje tana jira."

Kansila ya dawo ya durƙusa. Jibrin ya sunkuya kusa da kunnen gawar ya ce, "Yi haƙuri Nazeer, ba su iya ba ne, yau suka fara." Sannan ya ce wa Mai unguwa ya zuba ruwan a hankali.